Ƙaramin Gidan da Habibu Ya Kawo

Jama'a, mu nan Basirka lafiya. Jikokina sun warke daga mura, gwiwata ce dai har yanzu. Amma ba ita ta hana ni sukuni ba.

Ranar Asabar ɗana Habibu ya zo daga Birnin Kudu da wani abu a kan katako. Gidanmu ne ya ƙera, bai fi girman kwano ba. Kowane bulo kamar ƙwayar masara, ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Marigayi mahaifinsa ne ya gina gidan nan shekarun da kuɗin mai suka shigo. Ni na riƙa ɗebo ruwan kwaɓa siminti, Habibu yana bayana.

Sai na ga yana shafa wa ɗan bangon baƙin fenti.

Na ce, "Kai, ka yi abu mai kyau kuma kana ɓata shi?"

Ya ce, "Inna, hayaƙin murhunki ne. Har tsagar bayan ɗakinki na sa. Ba na so a manta da komai."

Na ce, "A manta? Babban yana tsaye, wa zai manta da shi?"

Sai ya sunkuyar da kai yana wanke buroshi. Da zai tafi ya ce Juma'a zai kawo wani abokinsa ya ga wurin.

Da girmana na koyi karatu, amma yaron nan tun yana goye nake karanta shi. Don Allah ku gaya mini kafin Juma'a: in ba za a rushe babban ba, me za a yi da ƙaramin?