Injin da Madu Ya Zura a Galtimari

Shekara ashirin da uku Madu ya yi yana gyara wa ƙaramar hukumarsu rijiyoyin burtsatse. A bayan motar haƙa ya koyi aikin, yana ɗaukar bututu a kafaɗa har ta yi kanta. Ba shi da yawan magana. In aka yabi wani a gabansa, sai ya tambaya me mutumin ya taɓa gyarawa.

Garinsu na can arewa da Maiduguri, kuma abu guda aka san shi da shi: tsohuwar rijiyar bakin kasuwa. Ruwanta da kansa yake bulbulowa, da zafinsa. Mata sai sun ajiye a randa ya huce kafin a sha. Shanu ma sun sani, can ƙarshen kwami suke tsayawa, inda ya ɗan yi sanyi.

Shekarar da 'yan bindiga suka ci garin, kowa ya gudo. Ƙaramar hukumar ta kama hayar gida a unguwar Galtimari cikin Maiduguri, ta kafa allonta a ƙofa, ta ci gaba da mulkin garin da babu kowa a cikinsa. Mutanen kuwa suka cusu a wasu kangaye can baya, tare da Madu da iyalinsa. Rijiya ɗaya gare su, ita ma injin da ke jawo ruwanta ya ƙone. Aka koma ɗibar na kududdufi. Da damina ta sauka, amai da gudawa ya shiga yara, Madu da hannunsa ya haƙa kabari uku.

Wata bakwai yana sintiri a ofis kan sabon inji. Ran nan Dorothy, mai kula da sito, ta yafito shi ta nuna masa kwali: inji ya iso, sabo fil. Ta ce takardar fitarwa kawai ake jira.

Washegari aka kira shi zaman majalisa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya tarar da Ciyaman da kansiloli sun kewaye wani ɗan kwangila mai ƙamshin turare, an baje zane a tebur. Wai za a mayar da rijiyar bakin kasuwa wurin shaƙatawa: ɗakunan wankan ruwan ɗumi, wurin tausa, masaukin baƙi. Wai Turawa da Larabawa za su riƙa zuwa maganin ciwon gaɓɓai. Garin da soja ma sai da rakiya suke shiga! Ciyaman ya nemi masu goyon baya, hannaye suka tashi tun bai rufe baki ba. Har da kansilan unguwar su Madu, wanda ɗaya daga cikin kaburburan nan na ɗan ƙanwarsa ne.

Tun da hanya ba ta biyuwa, a harabar wani otal za a yi bikin aza harsashi. Za a gina ɗan kwarmi na gwaji, ruwa na tsiri sama, manyan baƙi su ga yadda abin zai kasance. Aikin Madu shi ne ya haɗa sabon injin a can.

"Ranka ya daɗe," in ji Madu, "ruwan garinmu ba ya son inji. Da kansa yake fitowa."

"To ai na otal ba ya fitowa da kansa, Baba Madu," in ji Ciyaman.

"Na Galtimari ma haka."

Ɗan kwangila ya yi dariya, ya ce dattijon nan akwai barkwanci. Ciyaman bai yi ba. Ya ce kwana uku ne kacal, bayan biki a kai wa mutane injinsu, masu haƙurin wata bakwai ba za su gaza a kwana uku ba. Madu ya san irin kwana ukun nan. Janareton asibiti ma aron biki aka yi, shekara biyar ke nan bai dawo ba. Ya karɓi takardar fitarwar.

A sito Dorothy ta karanta, ta dube shi. An rubuta a ba shi inji, an manta a rubuta inda za a kai.

"Baba Madu, ina zan cike?"

"Rubuta rijiya, 'yata. Ba ki yi ƙarya ba."

Ta rubuta, ta buga hatimi, ta juya baya tana gyara kwalaye.

Ya ɗora injin a keke Napep, ya wuce kwanar otal ɗin ko waiwaye babu. Kafin la'asar shi da mazan kangaye sun zaro ƙonannen, sun zura sabon ƙafa ɗari biyu a ƙasa. Ya ɗaure bakin da walda, ya zuba siminti. Ruwan ya fara zuwa ja, sannan ya washe. Ba wanda ya yi guɗa, layin jarkoki kawai ya miƙe har titi.

Ciyaman ya aiko a ciro. Masu gyara biyu suka zo, suka ga mata sama da ɗari a tsaye, suka ce kayan aikinsu ba su cika ba. Aka dakatar da Madu saboda rashin biyayya, takardar ta same shi a bakin famfo. Dorothy aka mayar da ita share ofis.

Bikin dai an yi shi. An sayi ruwa wajen 'yan garuwa, aka dafa a tukwanen biki bayan otal, ana juyewa a kwarmin don ya yi tururi. Manyan baƙi suka tsoma yatsa, suka ce tabbas akwai magani a ciki.

Madu yanzu yana gyaran famfunan gidaje, yakan zauna a bakin Kasuwar Litinin da jakar sifanunsa yana jiran mai kira. Kafaɗar ta fara ba shi matsala. Ba a mayar da shi aiki ba, shi ma bai je roƙo ba. Injin yana nan a ƙasa. Duk Juma'a yakan kara kunne a jikin bututun, ya ji ko ƙarar ta canza.