Baba Katanga, Mai Rufe Famfo

Kullum kafin a kunna injuna a wata masana'anta, za ka ga wani dattijo da ƙaramar guduma yana zagaya gajeriyar katangar kankare da ta kewaye tankokin baƙin mai. Ya ƙwanƙwasa nan ya kasa kunne, ya tsuguna can ya shafa. Inda ya ga tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, sai ya kwaɓa siminti. Ma'aikata suna kiransa Baba Katanga, kuma a wannan watan ne yake ajiye aiki.

Katangar ba ta wuce ƙirjin mutum ba, ko akuya mai zuciya za ta tsallake ta. Aikinta ɗaya ne: in tanki ya fashe, ta riƙe man duka a cikinta, kamar kwanon da ake tarawa a ƙarƙashin tulu mai yoyo. Har matarsa kan tsokane shi: "Malam, mutane na gadin ƙofa, kai kana gadin bango. Wa zai sace bango?" Sai ya yi dariya ya ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rigimarsa da abokan aiki a damina take. Ruwan sama na taruwa a cikin katangar, kuma akwai famfo a gindinta da ke sakin ruwan zuwa kwata. Kwatar ta gangara rafin da mutanen unguwar bayan masana'anta ke ɗiba. Ma'aikata sun gaji da tsoma takalma cikin ruwa, sai su buɗe famfon su kama gabansu. Shi kuwa Baba in ya buɗe, yana tsaye a kai har ruwan ya tsane, sannan ya murɗe da hannunsa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya tarar da famfon a buɗe, ya rufe.

"Haba Baba, a bar shi mana! Gobe ma ruwa za a yi," in ji wani mai walda.

"Ɗana, katangar da famfonta ke buɗe ado ce kawai."

Rana ba ta yi tsaka ba aka ji ƙara. Bututun gindin babban tanki ya ɓalle, mai ya yi ta ambaliya. Jama'a suka watse. Baba kuwa ya ruga bakin kwata ya tsuguna yana salati, idonsa a kan bakin famfon. A ciki man ya hau, ya hau, har ya kusa leɓen katanga, sannan ya tsaya. Ko ɗigo bai fita ba. Mai waldan nan da kansa ya ɗaga Baba sama yana ihu: "Ta riƙe! Wallahi ta riƙe!"

Kai ne wannan, Baba. Kai ne aka yi wa dariya shekara da shekaru ba ka fasa tsugunawa ba. Na gaishe ka, dattijo mai hannun siminti! Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu karɓar aikinsa, ku toshe tsaga tun tana ƙarama, kuma kada ku bar gindin famfo sai kun rufe shi.

Ranar da aka taru don sallamarsa, wata tsohuwa daga unguwar ta ratso taron da sandarta, riƙe da kofin ruwan da ta ɗebo daga rafin. Ba ta jira kowa ya ba ta izini ba, ta miƙa masa.

"Sha, ɗan nan," ta ce. "Da ba don kai ba, da yau ba mu da shi."

Baba ya karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba, ya shanye tas.