Inci Huɗu a Ƙarƙashin Ƙofar Ruwan Kaoje

Har yau ban manta da ranar da muka rataya ƙofar ruwan Kaoje ba, muka ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinta. Abin ya dawo mini makon jiya, da na ga ɗayanku, ku matasan masu zane, a kwamfuta ya sauya mafarin awo na wani ƙarfe guda, bai taɓa zanen haɗawa ba.

A farkon shekarun 'yancin kai ne, ina ƙaramin mai zane a ofishin ayyuka. Shugabana shi ne Malam Umaru, babban mai zane, mutum mai ƙarancin magana wanda ke fere fensirinsa da reza. Aka ba mu aikin ƙofar ƙarfe da za ta tare ambaliyar kogin Kwara daga fadamar shinkafa. Takardu uku ne: ta ginshiƙai biyu da za a kafa cikin siminti, ta ƙyauren, da ta haɗawa, wadda ke nuna yadda suke zama tare. Kowane zane yana da sifili, wato wurin da ake fara ƙirga kowane awo. A ƙa'idar ofis, sifilinmu yana ƙasa, a kan daɓen magudanar ruwan da ƙofar za ta toshe.

An ƙera ƙyauren a Birnin Kebbi. Huda ramukan noti a jikin ginshiƙai kuwa aikin Baba Sambo ne, wani maƙerin Illo, Badende a ƙabila, wanda ya yi aiki har cikin Dahomey. Da na kai masa takardar ginshiƙan a wurin aikin, ya juya ta sau biyu.

"Ɗan nan, mu ba mu awo daga ƙasa," in ji shi. Ya nuna wata giginya a bakin magudanar, mai tsagar gatari a jikinta. "Nan babban ruwa ya tsaya zamanin ubana. Daga nan muke saukowa. Mai da min shi haka."

Na ji daɗi an nemi gwanintata. Nan take na goge, na mai da sifili sama, na sake lissafin ramukan. Na ɗauka tsagar daidai take da kan ginshiƙan. Ashe ta fi su da inci huɗu, kuma Malam Umaru ya rubuta hakan a takardar haɗawa, wadda na bari a ofis.

Ranar haɗawa manoma suka taru, don ruwa ya riga ya cinye gaɓar yashi. Aka ɗaura noti, ƙyaure ya zauna, amma hannun mutum yana shiga ta ƙarƙashinsa. Wani tsoho ya durƙusa ya leƙa.

"Malamai, wagga ƙohwa ta tare ruwa ce ko ta yi mishi maraba?"

Aka yi dariya, gajeriya. Kowa ya san shinkafar shekara ce ke bayan ƙofar.

Malam Umaru ya karɓi takardar, ya ga shaidar gogewa. "Wa ya taɓa sifili?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"A takarda nawa?"

"Ɗaya."

Ya naɗe takardar. Na tabbata aikina ya ƙare. Sai ya juya ga maƙerin. "Baba, me ya sa ba ku auna daga ƙasa?"

"Ƙasan wace shekara, Malam? Kowace damina laka na hawa daɓenku. Baɗi ba ka ganin shi. Tsagar ga ba ta motsi."

Malam ya daɗe yana kallon giginyar. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Gaskiyarsa. Haruna, ba za mu koma ƙasa ba. Mai da duka ukun kan tsagar. Duka, ka ji?"

Aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka ɗora kan turame biyu a inuwa, ya zama teburina. Malam da kansa ya riƙe mini gefen takarda saboda iska, yana karanto awo ina sake rubutawa. Kafin la'asar Baba Sambo ya huda sababbin ramuka, ƙyaure ya sauka ya taɓa daɓe. Bayan kwana uku ruwa ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa. A rahoton Malam babu sunana. Ya rubuta kawai cewa an sauya mafarin awo bisa shawarar maƙeri.

Yau ku da danna biyu kuke kai sifili inda kuke so, ku juya layin da ke kallon sama. Ban ƙi ba. Sifili yarjejeniya ce tsakanin mai zane da mai ƙira, kuma sau da yawa mai ƙira ya fi mu sanin inda ya kamata ya zauna. Amma in ka matsar da shi a ƙarfe guda, ka bi shi har zanen haɗawa, ka kuma gaya wa mutane.

Na koma Kaoje bayan na yi ritaya. Malam Umaru da Baba Sambo sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu. Giginyar ta faɗi, babu wanda ya san inda tsagar take. Ginshiƙan suna nan, sun yi tsatsa. Na sa yatsa a cikin ramukan nan na banza, waɗanda aka auno daga tsagar tun farko, na auna daga su zuwa sama, na nuna wa manoman inda ruwan zamanin uban Baba Sambo ya tsaya.