Sunan Yaya Modu a cikin ordinatar

Jama'a, cikin gaggawa nake, ku yi haƙuri da rubutun!

Ɗazu na je kasuwa neman ordinatar ta hannu, wato kwamfuta. A wurin sabon aikina an ce sai mai RAM giga takwas. Mai shagon, Malam Ari, ya miƙo min wata, ya ce, "Falmata, buɗe ki duba da idonki."

Na shiga wurin bayanan na'urar. RAM takwas, daidai. Sai idona ya hau sama, kan sunan da aka sa mata: MODU-YAGANA.

Innalillahi! Haka yayana yake rubuta sunansa, haɗe da na mahaifiyarmu. Yaya Modu da muka rabu da shi a bakin kogin Komadugu ranar da muka gudo daga Najeriya, shekaru da dama da suka wuce. Har sadakarsa mun yi!

Na duba ranar da aka sa mata sistem. Bara!

Na ce, "Malam, wa ya kawo wannan?"

Ya ce, "Wani dogo mai tabo a goshi. Tattasai yake nomawa wajen Gagamari."

Yaya ba shi da tabo. Amma dogo ne.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ina cikin mota yanzu, mun ɗauki hanyar Gagamari. Ku sa ni a addu'a.