Laimar Kwaɗi a Gindin Suri

Wata damina, wata ɗalibar jami'a ta zo gonata da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa a Kura. Laimar kwaɗi take tattarawa, a busar a ajiye a ɗakin adana tsirrai na makarantarsu. A gindin suri ta sami farare guda huɗu. Ta ce sai da saiwa za a karɓa, ga shi uku sun katse mata a hannu, saura ɗaya.

Na ce, "'Yata, ƙasar suri ba a yi mata gaggawa. Ba ni wuri."

Na ɗebo ruwan kanal a buta, ina zubawa kaɗan-kaɗan ina tonawa da yatsa, yadda muke cire irin albasa don dashe. Har rana ta take ban gama ba. Da na yi bismilla na ɗaga, sai ga saiwar ta fito ɗungurungum, ta kusa kamu guda.

Ta ce, "Baba, wallahi ko malaminmu bai taɓa tono irin wannan ba!"

Ta miƙo mini takardar da ake rubuta bayanin laimar a kai, ta nuna gurbin sunan wanda ya samo. Na goge laka a rigata, na rubuta nawa da Ajami.