Kujerar da aka hana Almu

Almu. Almustafa ɗana. Yau kwana arba'in ina kiran sunan nan cikin gida ba mai amsawa. An yi sadaka da safe, an yi karatu, mutane sun watse, tabarmi ma ba a naɗe ba. Na karɓi salular matarka Tinni, na ce ta buɗe mini wurin da dangi ke rubutu, don in faɗi ko kai wane ne, in kuma faɗi abin da aka yi maka, tun da kowa na ta rufa-rufa. Ku da za ku karanta ku yi haƙuri da rubutuna. Aji huɗu na yi a lakwal aka fidda ni. Yadda nake magana haka zan rubuta.

Ranar Alhamis ce, la'asar ta wuce. Ina tsakar gida ina kwashe tumatir ɗin da na shanya, sai yayana Mamman ya shigo ba sallama, hularsa a hannu. Ya ce Hadiza sai haƙuri. Na ce wa? Hankalina ya tafi kan gwaggonmu da ke kwance tun azumi. Ya ce Almu ne. Na ce mishi Almu ya tafi lambu hanyar Dabaga, bai dawo ba. Ya ce ya dawo, yana asibiti, an rufe shi da mayafi. Ban yi kuka ba a lokacin. Na ci gaba da zuba tumatir cikin kwano har ya cika yana zubewa ƙasa, sai da Yaya ya riƙe mini hannu.

Waɗanda ba su san mu sosai ba, bari in gaya muku. Ƴaƴa biyu na shayar lokaci guda. Almu nawa ne. Bashir ɗan ƙanwata ne, ta rasu wurin haihuwarsa, aka miƙo mini shi cikin tsumma Almu na wata uku. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Da aka yaye su ubansa ya ɗauke shi, amma duk duniya ba shi da wadda yake kira Inna sai ni. Da suka girma Bashir ya tafi Jado haƙar zinariya, Allah ya ba shi. Almu ya tsaya garaji, hannunsa kullum cikin baƙin mai. Bai taɓa jin haushin ɗan'uwansa ba. Ko da rana ɗaya.

Almu ba mai yawan magana ba ne. In ya dawo daga aiki sai ya wanke hannu sau uku da toka kafin ya taɓa ɗiyarsa. In na fara faɗa da maƙwabta kan ruwan famfo, sai ya turo mini kwano ya ce Inna ki ci tukuna, faɗa da yunwa ba ya tsayawa inda aka so. Akwai wani tsoho mai amalanken jaki da ke kawo mana itace, shekara nawa Almu na gyara mishi taya, in tsohon ya sa hannu aljihu sai Almu ya ce jakin ya riga ya biya. Ni ban ma sani ba sai ranar gaisuwa, da tsohon ya zo ya zauna bakin ƙofa yana faɗa yana share ido da rawani.

To sai motar. Bara Bashir ya sayo ta aka kawo ta bisa kamiyo, babbar motar kaya. Ja, ƴar ƙarama, kwance a ƙasa kamar kunkuru, ba ta da rufin kirki sai wani tanti da ake ja. Kujera biyu. Ranar da ta iso duk unguwa ta fito kallo. Matan suka leƙa suka ce ina na baya za su zauna? Aka ce babu baya. Suka ce to mota ce ko takalmi.

Ba zan yi ƙarya ba, ko ina cikin fushi. Motar na da daɗinta. Ba ta shan isansi sosai, mai kaɗan ya ishe ta. Lungunan tsohon gari da babbar mota ba ta shiga, ita sai ta sulale. In ta kafe cikin yashi mutum biyu sun isa su tura ta, Almu ma shi kaɗai ya taɓa fidda ta. Gudu kuwa ba a magana. Amma ba ta ɗaukar buhun albasa ko ɗaya. In ta zo tsallake kori, busasshen rafi, cikinta na gogar dutse kana ji har haƙoranka. In wani abu ya lalace ba a samun shi a Agadas, sai an yi wata ana jira, Almu ne ke ƙera wani da hannunsa ya saka. Unguwarmu kuma an saba, wanda Allah ya ba mota ta kowa ce, ta mai naƙuda ce, ta mai gawa ce. Wannan ba ta kowa ba ce. Almu ya kan yi dariya ya ce Inna, wannan akuya ce, ba ta ci da yawa amma ba a ɗora mata kaya.

Shi ne ya ɗan ɗaga ta don ta iya hanyoyinmu. Shi ke wanke ta. Ya fi mai ita sanin kukanta. In Bashir zai fita gari da ita, Almu na binsa a baya bisa moto da jakar kayan aiki, ko za ta tsaya. Na taɓa ce mishi kai ba bawan kowa ba ne. Ya ce Inna, in ban bi shi ba wa zai bi shi.

Sau ɗaya na shige ta. Watan sanyi zazzaɓi ya kayar da ni, ban iya tsayuwa, Almu ya aro ta. Ya ɗauke ni cak ya naɗe ni cikin kujerar nan, ya ɗaure ni da ɗamararta, kaina na kan kafaɗarsa, hannunsa ɗaya na tuƙi ɗaya na tallabe da ni. Kafin in gama salati mun isa asibiti. Ku riƙe wannan. Mara lafiya na shiga motar nan. Ni shaida ce.

Ranar Alhamis ɗin, Bashir ya yi baƙo daga Yamai, wani abokin harkarsa, ya ce zai kai shi lambu ya ga lemu da rumman. Suka tafi su biyu cikin ja, Almu a baya bisa moto. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Agali na ji shi, tsohon da ke tsaron lambun, wanda ya zo gidan nan da ƙafarsa ya rantse mini da Alƙur'ani a gaban Tinni.

Dutse ya bugi motar a hanya, mai na ɗiga. Suka aje ta suka ci abinci. Wajen sha ɗaya Almu ya kwanta cikin ƙasa ya zura hannu ƙarƙashinta, don ba ta da tsawon da mutum zai shiga ya duba da ido. Ashe maciji ya shige inuwarta. Ya riga ya ɗaure inda man ke ɗiga, yana janyo hannu macijin ya sare shi a nan wuyan hannu. Agali ya kashe shi da sanda, ya ce kumurci ne, ya ce a tafi da yaron nan yanzu-yanzu.

Bashir ya dubi agogo. Baƙo na da jirgin da zai hau da rana. Bashir ya ce kujerar ba ta kwanciya, wanda maciji ya sara kwantar da shi ake yi, in an zaunar da shi dafin zai hau. Ya ce bari ya ruga gari ya turo kat-kat ɗinsa, babbar motar nan mai ɗaukar mutum takwas. Agali ya ce a sauke baƙon. Baƙon bai sauka ba. Suka tafi. Da motar da ɗana ya gama gyarawa suka tafi.

Bashir ya kai baƙo filin jirgi tukuna. Sannan ya nemi kat-kat, ashe direbansa ya tafi da ita can nesa garin Anu Araren tun safe. Ya san da haka ko ya manta, shi da Allah. Maimakon ya juya da ja, wadda ke cin hanyar kamar iska, sai ya zauna yana ta kiran direba. Lambun ba rezo, salula ba ta kamawa. Agali tsoho ne, bai iya moto ba. Ya so ya tafi neman mutane a lambunan nesa, Almu ya riƙe mishi riga ya ce kar ya bar shi, Bashir na hanya. Azahar ta yi, idonsa ya fara rufewa da kansa. Harshe ya yi nauyi. Agali ya ce duk wata ƙara da aka ji, ko ta injin ban ruwa ce, sai Almu ya ɗaga kai ya ce ba ita ba ce, ya san kukanta. Maganar da ya yi ta ƙarshe wadda aka gane ita ce, "Ɗan'uwana ba ya bari na."

Kat-kat ta iso dab da la'asar. Almu ya cika a hanya, kansa bisa cinyar Agali. Lokotoro na asibiti ya ce wa Yaya Mamman akwai allurar dafin maciji, tana nan cikin firji.

Tun ranar kowa na gaya mini kwana ne ya ƙare. Na sani. Ni ma musulma ce, ba wanda zai koya mini wannan. Allah ne ya rubuta ranar Almu. Amma Allah bai ce a bar baƙo zaune a bar ɗan'uwa kwance ba, mutum ne ya zaɓa. Bashir ya aiko da shinkafa da mai da rago, na ce a mayar. Ya aiko da makullin motar ya ce ta zama ta marayu, na ce a mayar, jikokina ba za su ci daga kujerar nan ba. An ce ya rame. An ce ba ya barci. To ni ina yi ne?

Yanzu jibi zai tafi Umra. Ya ce wa manya ba zai iya tsayawa gaban ɗakin Allah ba sai Inna ta ce ta yafe. Sau uku Yaya Mamman na zuwa da liman, su zauna su kewaye ni, wannan ya jawo aya wancan ya tuna mini ƙanwata da ke kabari. Yau da safe ma bayan addu'a Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Hadiza, kin rasa ɗaya, kar ki jefar da na biyu." Na ce mishi, "Yaya, ni ban jefar da kowa ba. A lambu aka yi jifar."

Amma na ba su amsa. Na ce a gaya wa Bashir ya zo yau, ya zo da ja, ba kat-kat ba. Sun yi ta hamdala sun ɗauka na sauko. Ba su gane ba. Wannan ne amfani ɗaya da motar nan za ta yi mini a duniya, ba wurin zaman liman a cikinta, ba na Yaya, ba dattijon da zai zauna tsakaninmu ya ce a yi haƙuri. Ni da shi kaɗai. Zan shiga in zauna inda baƙon ya zauna. Zai kai ni lambun, ina jan carbi ina ƙirga, in ga salati nawa ne tsakanin ɗana da allura. Zai nuna mini bishiyar da ya bar ɗana a gindinta. Zai zauna a ƙasa inda Almu ya kwanta, Agali ya maimaita mishi maganar nan ta ƙarshe yana kallon idonsa. Sannan in gaya mishi abin da ya zo nema. Wata ashirin ya sha nonona. Ban yafe ba. Ko ɗigo ɗaya ban yafe ba. Ya tafi Makka da shi, ya kewaya ɗakin Allah da shi, ya dawo da shi, mu haɗu ranar da ba mai jirgin da zai kama.

Wanda zai ce Hadiza ta yi tsauri ya faɗa. Ku dai ku san na faɗi gaskiya, ban ƙara ba, har alherin motar ban ɓoye ba.

Ya Allah, ga Almustafa nan ya zo maka. Ka san bai taɓa barin kowa a hanya ba, kar ka bar shi. Ka yafe mishi abin da na sani da wanda ban sani ba. Ka faɗaɗa mishi kabari, ka sanyaya shi, ka wanke shi fiye da yadda yake wanke hannunsa. Ka dubi Tinni da ke takaba da ciki wata shida, ka sauke ta lafiya. Ka raya ɗiyarsa da ke tsayawa bakin zaure duk yamma in ta ji moto. Ka saka wa Agali da Aljanna, shi bare ne amma bai tashi ba. Ni kuma ka ba ni ƙarfi na yau kaɗai, gobe ka yi yadda ka so da ni. Wanda ya karanta ya yi wa ɗana Ƙulhuwallahu ƙafa uku, Allah ya jiƙan naku.

Ga ƙarar ta nan a lungu. Ta tsaya. Ana buga ƙofa. Tinni ta tashi na ce ta zauna, ni zan buɗe.

Daga waje Bashir ya ce Inna. A hankali ya faɗa, yadda yake faɗa yana yaro in ya yi ɓarna. Wayyo Almu, muryarku ɗaya, ban taɓa lura ba sai yau. Ka riƙe mini zuciyata ɗana, ka riƙe ta da kyau, kar in buɗe ƙofar nan in ga fuskarsa in