Mai Ƙirga Layuka a Marwa

Duk ranar Litinin, kafin a buɗe ofisoshi, wani dattijo yakan jingine kekensa a gindin dutsen da aka rubuta sunayen sojojin da suka rasu a fagen daga. Dogo ne siriri, shuɗiyar rigarsa ta koɗe a kafaɗa. Tafin hannunsa duk kanta, da alama manomin albasa ne.

Bai yi boko ba, saboda haka da yatsa yake ƙirga layukan. Makon jiya arba'in da ɗaya ne. Yau arba'in da uku.

Sai ya yafito maigadin wurin.

"Ɗana, karanta mini biyun ƙasan nan."

"Bappa, ka mai da ni malaminka ƙarfi da yaji!"

"Karanta dai. Hamajam Sali, autana. Wata bakwai ke nan da aka kai su bakin Tafkin Chadi, shiru."

Maigadi ya daina dariya. Ya durƙusa ya karanta, ya sake karantawa.

"Babu shi, Bappa."

Dattijon ya sauke numfashi. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ɗaga hannu, yana yi wa 'ya'yan mutane, sojojin nan biyu da aka ƙara sunayensu, addu'a.